Ranar Da Jirgin Ottmar Ya Yi Magana

Duk garin Lindhorn babu wanda bai san cewa Ottmar Wulkow ba injiniya ba ne, sai shi Ottmar ɗin. Shekara talatin da shida ya yi a kamfanin lantarki yana bi gida gida da tocila yana karanta mita. Amma tun da ya yi ritaya, da an zauna hira sai ka ji ya gyara murya ya ce, "Mu da muka yi aikin wuta..." Daga nan kowa ya san kofinsa zai huce kafin a kai ƙarshen labari.

Kowace Laraba da yamma 'yan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa kan taru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na tsohuwar makarantar gari. A nan suka gina duniyarsu a kan tebura goma sha biyu da aka haɗe wuri guda: layin dogo, tasha, gada, dutse mai rami, coci, har da shanun roba suna kiwo a ciyawar soso. Wata Laraba, saura mako uku a yi nunin shekara, sai Wendelin ya shigo da ɗan akwati a hammata. Wendelin maƙwabcin Ottmar ne, shinge ɗaya ya raba su, tsohon mai gyaran agogo, mutum ne shiru-shiru da ba ya son hayaniya. Ya fito da wani baƙin kan jirgi, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ya ɗora a kan dogo, ya danna rimot.

Sai jirgi ya yi ajiyar zuciya. Ya huci, ya busa usur, aka ji ƙarar shebur ana zuba kwal, sannan ya tashi, cuf, cuf, cuf, yana ƙara sauri ƙarar na ƙaruwa. Dattawa suka saki baki.

Gesine Aldag, shugabar ƙungiya, wadda ta yi shekaru tana hedimastan makarantar nan kuma har yanzu muryar hedimasta ke gare ta, ta ce, "Wendelin, me ka sa masa?"

"'Yar dikoda ce ta sauti, ba ta fi kan babban yatsa ba, da 'yar lasifika," in ji shi. "Ita ke jan injin, ita ke ba da murya."

Ottmar ya yi tsaki daga ƙarshen tebur.

"Wannan ne kuka buɗe wa baki? Sautin kamfani? Ai ni tun daga nan na ji ƙarya ce. Wannan tukunyar shayi aka ɗauka tana tafasa."

"To Injiniya," in ji Wendelin, bai ko ɗago kai ba, "kawo naka mu ji."

"Zan kawo kuwa! Ni ba zan sayi murya a kwali ba. Zan je gaban jirgi na gaske, mai kwal da hayaƙi, in ɗauko muryarsa da hannuna, in zuba ta a dikoda da kaina. Ranar da kuka ji, sai kun duba rigunanku ko toka ta zuba muku."

Gesine ta dube shi ta saman tabarau. "Madalla. Magajin gari zai zo buɗe nuni. In ka cika alkawari, jirginka ne zai fara zagaye a gabansa. In kuwa ba ka cika ba, Ottmar, kar mu ƙara jin 'mu da muka yi aikin wuta' a ɗakin nan."

"Ki rubuta ki ajiye, Shugaba."

Sai da ya kama hanyar gida sannan ya tuna ba shi da kan jirgi mai tururi ko ɗaya. Wanda ke gidan na matarsa Hiltrud ne, gadon mahaifinta, wani kore mai jajayen ƙafafu da ke cikin kabad na gilashi a falo. Ita kaɗai ke goge shi, sau ɗaya a mako.

"A'a," in ji Hiltrud, tun kafin ya rufe baki.

"Ba ki ji abin da zan ce ba."

"Na ga inda kake kallo. Babana ya yi shekara hamsin da jirgin nan ko kwarzane babu. Kai kuwa fitilar banɗaki ka gyara, har yau in an kunna ta ƙararrawar ƙofa ke bugawa."

"Wannan laifin wanda ya gina gidan ne. Haba Hiltrud! Ba kya son a ji jirgin Baba yana huci a gaban magajin gari? A kira sunansa a lasifika?"

Nan ya taɓa ta. Ta daɗe tana kallon kabad, sannan ta ɗauko makulli. "Ka maido min da shi yadda ka karɓe shi. In ko ƙusa ɗaya ta ɓace, ka nemi wurin kwana a gareji."

Dikoda ta iso cikin ɗan kwali tare da littafin bayani mai shafi tamanin. Ottmar ya sa littafin a ƙarƙashin ƙafar tebur mai girgiɗi, ya ce ga amfaninsa nan. Ya shimfiɗa kayan aiki a teburin cin abinci, ya jona ƙarfen narka dalma, ya buɗe cikin jirgi. Wayoyi takwas ya gani, kowace da launinta, sirara kamar gashi.

"Ja da baƙi na dogo ne, toka da ruwan lemo na injin," in ji Hiltrud, tana karanto bayan kwalin.

"Launi na masu koyo ne. Mu da muka yi aikin wuta, waya muke kallo mu san inda ta dosa."

Ya liƙa, ya ɗora a guntun dogo, ya ba da wuta. Wani siririn hayaƙi ya taso daga cikin jirgin.

"Kin gani? Tun ban sa masa murya ba ya fara hayaƙi!"

"Ottmar, ƙauri nake ji."

"Ƙamshin aiki ne."

"Ba jirgin ba. Gwiwar hannunka!"

Ashe ya ajiye ƙarfen mai zafi a kan mayafin tebur, ya kuma jingina da shi. Ya yi tsalle, tebur ya girgiza, dalma ta ɗiga a kan wandonsa, na'urar gano hayaƙi ta silin ta fara ihu. Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun fito tagogi. Wendelin ya leƙo ta kan shinge da butar ban ruwa a hannu.

"Injiniya, usur ɗin ne wannan? Lallai ya fi nawa ƙarfi."

"Gwaji nake yi!" Ottmar ya yi masa tsawa ta taga, yana fifita hayaƙi da faranti.

Dikoda ta ƙone, lasifika ta narke. Ya aika a kawo wasu. Karo na biyu ya bi launi, amma ya ce wa Hiltrud dama haka ya yi niyya, na farkon don ya gwada ƙwarin kayan ne.

Ranar Asabar suka tafi inda ake tuƙa tsohon jirgin kwal don masu yawon buɗe ido, tafiyar awa ɗaya daga gari. Ottmar ya tsaya daf da kan jirgin, ya ɗaga wayarsa sama kamar mai rantsuwa. Yatsunsa kauri gare su, ga sanyi, ga shi ya ƙi sa tabarau don kar direban jirgin ya ɗauke shi tsoho. Da ya danna alamar ɗaukar murya, yatsan ya buga sau biyu: ta kunna, ta kashe. Tun daga nan lissafi ya juye masa. Duk lokacin da ya ce ya kunna, kashewa ya yi. Duk lokacin da ya ce ya kashe ya jefa a aljihu, a lokacin wayar ke fara aiki.

Direba ya leƙo ya ce, "Dattijo, matsa baya kaɗan."

"Yi aikinka, ɗana. Na san jirgi tun ba a haife ka ba."

Direba ya ɗaga kafaɗa ya ja igiyar usur, ya saki tururi ta gefe. Farin gajimare ya haɗiye Ottmar ɗungurungum. Da ya fito, hularsa ta yi gaba, fuskarsa ta yi ɗige-ɗigen baƙi kamar ƙwan zabuwa. Ya danna waya da alfahari ya sa a aljihu, daidai lokacin da Hiltrud ta ƙwala masa kira daga bakin dandamali.

Bayan haka ya danna waya ya ɗaga ta wajen lasifikar tasha don ya ɗauki sanarwa, da aka gama ya sake danna ta ya sa a aljihu, suka shiga ɗan shagon tasha shan kofi. Nan fa baki ya buɗe. Hiltrud ta ce, "Akwai wani jan ɗigo yana ƙiftawa a aljihunka."

"Alamar ta cika da sauti mai kyau ke nan. Bar ni in gaya miki abin da ke damun ƙungiyar nan..."

Daga nan suka hau jirgin kwal ɗin aka zaga da su, a hanyar dawowa ya miƙa hannu ta taga ya ɗauki cuf-cuf na injin, a ganinsa. Ya danna, ya maida waya aljihun ƙirji, ya jingina kai. Kafin a wuce gada ta farko barci ya kwashe shi.

A gida ya jona waya da kwamfuta, ya ga abubuwa uku a jere. Ya ɗebi farkon kowanne ya tura cikin dikoda: na farko usur, na biyu sanarwar tasha, na uku hucin injin. Sabuwar lasifika ba ta iso ba sai jajibirin nuni, ya liƙa ta a gurguje ya rufe jirgi.

"Ba za ka saurara ba ko sau ɗaya?" in ji Hiltrud.

"In saurari me? Ni na ɗauka da hannuna. Kunnena da na magajin gari lokaci guda za su ji. Gwaji na mai shakka ne."

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, zauren taron gari ya cika maƙil, har fasto ya zo. An ɗauko teburan nan duka an haɗa a tsakiya. Gefe guda ga teburin kofi, a kansa babban kek na 'ya'yan itace da Gesine ke gasawa kowace shekara da hannunta. Ottmar ya riga kowa zuwa, sanye da hular ma'aikatan jirgi da ya aro.

A irin wannan dogo kowane kan jirgi yana da lambarsa, da ita rimot ke kiransa shi kaɗai. In za a ba jirgi sabuwar lamba, akwai ɗan guntun layi a gefe da aka ware don haka, domin duk jirgin da ke kan layin da aka aika umarni, lambar zai ɗauka. Ottmar ya dubi guntun layin ya ga bai dace da darajarsa ba. Ya cire wayar wutar guntun layin ya jona ta da babban layi, ya ɗora jirgin surukinsa a kai, inda jiragen 'yan ƙungiya takwas ke tsaye a tasha suna jira, ya ba shi lamba ɗaya. Jirage tara suka ɗan motsa lokaci guda, kamar masu amsa sallama. Bai gani ba, yana gyara hula a gilashin taga.

Magajin gari ya yi jawabi ya yanke ƙyallen buɗe nuni da almakashi. Gesine ta ambaci sunan mahaifin Hiltrud, aka tafa, Hiltrud ta share ido. Sannan Ottmar ya fito tsakiya da rimot.

"Jama'a, abin da za ku ji yau ba a sayar da shi a kanti. Masu raunin zuciya su zauna. Iyaye su riƙe 'ya'yansu."

Ya ƙure ƙara har ƙarshe, ya murɗa maɓallin tafiya.

Koren jirgi ya tashi. Takwas ɗin ma suka tashi, waɗansu gaba, waɗansu baya. Daga cikin koren kuwa sai aka ji wata irin ƙara: "Khrrrr... fyuuu. Khrrrr... fyuuu."

Wata tsohuwa a sahun gaba ta ce, "Wannan jirgin barci yake yi?"

"Haka tsofaffin injuna ke yi kafin su ɗumama!" in ji Ottmar. Ya ƙara wuta. Minshari ya ƙara sauri, khrr-fyu, khrr-fyu, khrr-fyu, har da 'yar shaƙewa a tsakiya da lasar baki.

"Ottmar!" Wendelin ya yi ihu. "Jirgina yana tafiya! Wa ya taɓa jirgina?"

"Nawa ma!" in ji wani. "Nawa baya yake yi!"

Jirgin kaya ya nufo jirgin fasinja a kan gada. Ottmar ya ga abin da ke shirin faruwa, ya ce a ransa a irin wannan hali direba usur yake busawa. Ya danna maɓalli na ɗaya.

"OTTMAR! Kai wane irin mutum ne? Dubi fuskarka! Bi hularka, sakarai!"

Duk zauren ya juya ya kalli Hiltrud. Tana tsaye bakin teburin kofi, bakinta a rufe, kofi a hannu.

"Ba ni ba ce," ta ce a hankali. "Wato ni ce, amma ba yau ba."

Dariya ta ɓarke. A kan gada jirage biyu suka yi karo, taragai suka zubo cikin kogin gilashi. Wani jirgin ya kauce layi ya bi ta cikin shanu. Ottmar ya shiga danne-danne, gumi na zuba ta ƙarƙashin hular aro, yana neman na kashewa. Yatsan nan mai kauri ya sauka a kan maɓalli na biyu. Sai ga muryarsa, tangaram, har da ƙarar cokali a kofi, tana zagaya zaure a kan jajayen ƙafafu:

"...abin da ke damun ƙungiyar nan. Wendelin? Me ya iya ban da buɗe kwali? Agogon da ya gyara min har yau gobe yake nunawa. Shi kuwa magajin gari, in ka ƙwace masa almakashi ka kore shi daga aiki ke nan..."

Magajin gari ya dubi almakashin da ke hannunsa, ya ɓoye shi a baya.

"Wannan sanarwar tasha ce!" Ottmar ya ɗaga murya don ya danne ta. "Ta wani gari ce! Sunaye ne suka zo ɗaya!"

Jirgi ya shige ramin dutse, muryar ta dusashe, kowa ya miƙa wuya yana jira. Ya fito ta ɗaya bakin.

"...fasto kuma, wa'azinsa ya fi ƙwayar barci aiki, ga shi kyauta..."

Fasto ya ce, "Aƙalla ana samun wani amfani," amma kunnuwansa sun yi ja.

"A cire wuta! A cire wuta!" Wendelin ya rarrafa ƙarƙashin tebur yana laluben soket. Kafin ya kai, koren jirgi ya iso babbar kwana a guje, gudun da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi. Ya bar dogo, ya ɗebe hasumiyar coci, ya tashi sama, ya tsallake zuwa teburin kofi, ya daki kek ɗin Gesine, ƙwas! Ya yi tsalle baya ya faɗi a gefensa. Bututun hayaƙinsa ya gangara ƙarƙashin kujera. Kek kuwa ko gezau.

Wuta ta ɗauke, komai ya tsaya. Sai dai 'yar wutar da dikoda ke ajiyewa ba ta ƙare ba. Cikin shirun nan jirgin ya ƙarasa maganarsa daga kwance:

"...kek ɗin Shugaba kuwa, na rantse da shi za a iya gina gada, jirgin gaske ya bi ta kai..."

Sannan ya yi shiru.

Babu wanda ya yi dariya, domin kowa yana kallon Gesine, kuma kowa a zauren ya taɓa cin kek ɗin. Wani can baya ya kasa riƙewa, ya maida ita tari.

Hiltrud ta ajiye kofi. Ta durƙusa ta ɗauko bututun daga ƙarƙashin kujera, ta ɗauki jirgin mahaifinta da hannu biyu, ta goge masa gefe da bakin rigarta. Ottmar ya ajiye rimot. Ya cire hula. Amma hali zanen dutse ne, da ya buɗe baki abin da ya fito shi ne:

"To amma dai kun ji ingancin sauti? Har can baya an gane kowace kalma. Wace dikodar kanti ce za ta..."

"Zauna," in ji Gesine.

Muryar hedimasta ce. Ya zauna. Ta ɗauki wuƙa, ta danna da nauyin jikinta duka, ta yanko masa wani ɓangare kamar rabin bulo, ta dire a gabansa.

"Ci. Magajin gari zai tsaya ya gani, tunda ba shi da aikin yi. Fasto zai sa albarka, in ba za ka yi barci ba. In ka gama da wannan akwai saura."

Ottmar ya ciza. Aka ji ƙas, ba a dai san ko kek ne ko haƙori ba.

Wendelin ya fito daga ƙarƙashin tebur da yanar gizo a kansa, ya karɓi jirgin daga hannun Hiltrud, ya juya shi, ya duba da idon mai gyaran agogo.

"Bututu kawai ne da fitila ɗaya. Kafin Laraba zai dawo kamar da, ba za ki ga tabo ba. Zan kuma goge duk shirmen nan in sa masa muryar jirgi ta ƙwarai."

"Na gode, Wendelin. Ka goge ihuna, ka goge gulmar. Amma minsharin nan ka bar min shi."

"Wane minshari?" in ji Ottmar da baki cike. "Wannan ƙarar injin ce! Ni ba na minshari!"

Hiltrud ta juya ta dubi jama'ar zauren, tun daga magajin gari har tsohuwar sahun gaba.

"Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gaya min haka," ta ce. "Yau na samu shaidu ɗari biyu."